Wane fim ne ya fi bayyana asalin wasan kwaikwayo na kan tebur?

Malamin Tarihi, Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wasu ɗalibaina sun fara wani wasa mai suna Dungeons & Dragons da suka koya a intanet, inda mutum guda yake jan labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin jarumi ɗaya, ana jefa ƙwaya irin ta lido domin a san ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Ina so in nuna musu fim na gaskiya game da asalin wasan, amma abin da na ci karo da shi ya saɓa wa juna: wasu na cewa Gary Gygax ne ya ƙirƙiro shi, wasu kuma na cewa Dave Arneson ne. Wanne ya kamata in nema?

Baban Safiya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka nemi *Secrets of Blackmoor* na shekarar 2019, domin shi ne ya zauna da dattawan da aka fara abin a gabansu a jihar Minnesota ta Amurka. Sai dai ka sani tun farko cewa fim ɗin yana da ɓangare, kuma ɓangarensa na Arneson ne.

Abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne labarin Braunstein. A wajajen 1969 wani matashi mai suna David Wesely ya shirya wasan yaƙi a wani ƙirƙirarren gari na Jamus mai suna Braunstein a zamanin Napoleon, amma maimakon ya ba kowa runduna kamar yadda aka saba, sai ya ba kowa mutum guda: wannan magajin gari, wancan mai banki, wani kuma ɗalibin jami'a, kowa da burinsa na sirri. 'Yan wasan suka watsar da yaƙin, suka shiga ƙulle-ƙulle da yaudarar juna a lungunan ɗaki, har Wesely ya ɗauka cewa wasan ya lalace, alhali su kuwa roƙonsa suke yi a sake. Da ya tafi aikin soja, Arneson ya karɓi ragamar, kuma a 1971 ya mayar da labarin duniyar takubba da dodanni mai suna Blackmoor, inda jarumi ba ya ƙarewa da zama ɗaya, yana dawowa mako bayan mako yana ƙara ƙarfi. A ganina a nan aka haifi wasan.

Injiniya, Injamena:
Da izininka, Baba, ban yarda a rage wa Gygax daraja ba. Arneson yana da dabara, amma dokokinsa a kansa suke da kuma cikin tarkacen takardu. Bayan ya je Lake Geneva ta jihar Wisconsin a ƙarshen 1972 ya nuna wasan, Gygax ne ya zauna ya rubuta shi yadda baƙon da bai taɓa ganin kowa a cikinsu ba zai iya saya ya buga, kuma shi ne ya kafa kamfanin TSR tare da Don Kaye a 1973. Dungeons & Dragons ya fito a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko, kowanne dala 10, da sunayensu su biyu a jiki. Daga baya rigimar kuɗi ta shiga, Arneson ya kai ƙara a 1979, aka sasanta a 1981. Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009, saboda haka fina-finan da aka yi bayansu abokansu ne ke magana a madadinsu, kuma kowa gwaninsa yake yabo.

Tunda tarihi kake koyarwa, Malam, ka fara musu daga Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa. A 1824 wani hafsan soja, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wani wasan yaƙi mai suna Kriegsspiel domin horar da hafsoshi a kan taswira, kuma a ciki akwai alƙali wanda yake sauraron umarnin kowane ɓangare ya yanke abin da ya faru. Wannan alƙalin shi ne kakan mai jan labarin da kake gani a gaban ɗalibanka.

Maman Khalil, Ngaundere:
Malam, akwai matsalar da ba a ambata ba. Fim ɗin da Baban Safiya ya faɗa dogo ne, da Ingilishi aka yi shi, kuma yawancinsa dattawa ne a zaune suna tuna baya, alhali yaranmu da Faransanci suke karatu. Shawarata ita ce ka yanko wajen Braunstein kaɗai, kana tsayar da shi kana fassarawa. Idan kana son abin da zai riƙe idonsu, akwai *Eye of the Beholder*, shi ma na 2019, wanda yake magana a kan masu zanen wasan irin su Larry Elmore da Jeff Easley, ko da yake kan asali ba zai ƙara maka wani abu mai yawa ba. Ka kuma shirya amsar da za ka ba iyaye, domin duk wanda ya ga ana jefa ƙwaya caca zai fara tunawa, sai an nuna masa cewa ba a sa ko sisi, takarda ce da fensir kawai a kan teburin.