Mazaunin waya na katako mai ƙara sauti: wa ya san mai yi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a falon wani abokina can Arkilla na ga mazaunin waya na katako, an sassaƙa mashi baki kamar na kakaki. Ya ɗora waya, karatu ya cika ɗaki, ba batir ba caji. Ya ce daga waje aka kawo mashi, kuɗinsa ya kusa na ƙaramar waya. Akwai mai yin irinsa nan Sakkwato?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Alhaji, jefa wayar cikin akushi ka ji, aikin ɗaya ne. Kyauta kuma.

Kawu Kafinta: Ɗana, da gaskiyarka, amma rabi. Dabarar tsohon garmaho ce. Katakon bai ƙara wa waya ƙarfi, tattara sautin yake daga 'yar kafar lasifikar da ke ƙasa, ya bi da shi ta rami mai buɗewa ya fito gaba. Wa'azi da labaru suna fita tas. Dukan ganga mai nauyi kam, kada ka sa rai. Alhaji, abin da kake biya shi ne icce da hannun mai aiki. Ka nemi maɗaci, ja ne, yana ɗaukar gyara. Ƙirya ta fi nauyi, ita ake turmi da ita, sai dai tana cin ƙarfen sassaƙa. Duk wanda ya ce maka maɗobiya ce, ka tambayi inda ta fito, don tun 2017 ta shiga jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda saran da aka yi mata ana kaiwa Sin.

Hajiya Inna: Kawu ka manta babban abu: ɗanyen icce. Bara na ba wani masassaƙi aiki, ya kawo shi yana ƙyalli, har na aza bisa teburin gilas ina nuna wa baƙi. Hunturu na shigowa, wata safiya na tarar ya tsage tun daga bakin har gindi, ana iya zura allura. Fenti ne ya rufe min ido.

Kawu Kafinta: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Icce in bai daɗe a inuwa ya bushe ba, iskar garin nan ba ta barinsa. Ƙwanƙwasa shi, busasshe yana amsawa. Ni na fi son a bi shi da sampefa a shafa kakin zuma, jijiyar iccen ta fito.

Malama Asabe: Ku tafi da wayar a gwada, da rigarta a jiki. Nawa sai na tuɓe mata riga take shiga, abin haushi. A bar ƙofar caja a ƙasa kuma. Na kai shi wurin dukawa suka shimfiɗa jar fatar akuya cikin ramin, yanzu ba ya kartar waya, ya kuma yi kyau ƙwarai.

Ɗan Mabera: Ni dai mai Bluetooth ya ishe ni.

Hajiya Inna: Sai ran da aka kwana uku ba wuta.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Kawu, maɗacin nake so, da fatar nan ta Malama. Zan biyo shago bayan La'asar da wayar.

Kawu Kafinta: Ka zo da cajarka ma, in auna kanta.