Gidan su Churchill da ya zo yaƙin Karari: wa ya gina, wa ya gada?

Ɗan Mai Wurno: Salamu alaikum. Winston Churchill ɗin nan da ya biyo rundunar Kitchener, janar ɗin Birtaniya, zuwa yaƙin Karari kusa da Umdurman a Sudan a 1898, an ce a wata fada aka haife shi. Ta kakanninsa ce? Me ya hana shi gadonta?

Malamin Umdurman: Wa alaikumus salam. Fadar Blenheim ce, a Woodstock kusa da Oxford, nan aka haife shi a 1874. Sarauniya Anne ce ta ba kakan kakanninsa John Churchill, mai sarautar Marlborough na farko, filin, tukuicin nasarar da ya yi a kan Faransa a 1704. An sa harsashi a 1705 da kuɗin baitulmali. Da matarsa Sarah ta ɓata da Sarauniya sai aka ɗinke bakin aljihu, aiki ya tsaya cak a 1712. Daga baya da kuɗinsu suka ƙarasa, kuma John ya rasu a 1722 bai ga kammalarsa ba. Har yau kowace shekara suna kai wa Sarkin Ingila ƙaramar tutar Faransa a matsayin kuɗin haya.

Hajiyar Gadarif: Ƙanena, kada ka auna da rabon gadonmu. A can sarauta da gida da gonaki duk babban ɗa namiji ke ɗauka, don kada a yayyanka ƙasar. Mahaifin Winston, Randolph, ƙane ne, shi ya sa. Shi kansa John ɗansa ya riga shi rasuwa, sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 sarautar ta bi ta 'ya'ya mata. Ta haka ta koma hannun jikansa Charles Spencer a 1733.

Malamin Umdurman: Gaskiya ne, Hajiya. Amma wanda ya gada ma wahala ya gada. Rufi, ma'aikata da tafkin da aka yi ta hanyar tare kogin Glyme duk kuɗi suke ci, ga hatsin Amurka mai araha ya karya kuɗin hayar gonaki. Suka sayar da duwatsu masu daraja a 1875, suka bi da littattafai da zane-zane. Abin takaici ne, don ɗakin karatun ba ya sake haɗuwa. Dukiyar Consuelo Vanderbilt, 'yar attajiran Amurka wadda magaji na tara ya aura a 1895, ita ta gyara gidan, auren kuwa ya mutu. Tun 1950 ake buɗe wa maziyarta su biya su shiga.