Wanda ya warke daga Ebola yana neman auren ƙanwata

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abokin harkata da ke sarin atamfa a shagona a Kantin Kwari yana kaiwa Gini. Ko sisi bai taɓa ci mini ba. Yanzu ya turo neman auren ƙanwata, kuma da bakinsa ya faɗa mana Ebola ta kwantar da shi a 2015, Allah ya tashi kafaɗunsa. Hajiyarmu na jin haka ta ce sam. Ni kuwa na ce wanda ya warke ai ya warke. Wai cutar tana dawowa ne?

Maman Hanif (ma'aikaciyar jinya):
Wa alaikumus salam Alhaji. Daga jini tana fita, amma ƙwayar takan laɓe inda garkuwar jiki ba ta cika kaiwa ba: cikin ido, ruwan ƙwaƙwalwa, da 'ya'yan maraina. Wani likita Ba'amurke, Ian Crozier, bayan an sallame shi aka sake gano ta a idonsa, har launin idon ya canza.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne sake ɓarkewar cutar a Gini a Fabrairun 2021, a yankin Nzerekore. Da aka binciki ƙwayar sai aka ga jikar waccan ce ta annobar 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000. Ana kyautata zaton a jikin wani da ya warke ta yi shiru shekara biyar. Amma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Musabaha ko cin tuwo kwano ɗaya da shi ba komai. Maniyyi ne abin dubawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga maza ita ce kwaroron roba na wata 12, ko har gwaji biyu su nuna babu.

Baban Rijiyar Lemo:
Don Allah kada mu koma zamanin ruwan gishiri. A 2014 da asuba aka tashe mu da jita-jitar wai yana kare mutum daga Ebola, matata ta ɗura wa yara, ni mai hawan jini har da ni. Mutumin nan da ya ɓoye, wa zai sani? In aka kore shi, na gaba ba zai faɗa ba.

Ɗan Kwari:
Na gode Maman Hanif. Dama dokar Kano ta 2024 ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, sai in ce ya haɗa da wannan. Yadda zan furta wa surukin gobe kalmar maniyyi ne ya tsaya mini a wuya. Kawunmu zan tura.