Sabon bututun bindiga da harsashin ɗurin hannu: laifin wa ne?

Jagoran mafarauta, Garwa: Jama'a, maƙerin da ya sa wa bindigata mai cin harsashin .375 H&H, wato ƙirar kamfanin Holland & Holland, sabon bututu ya cuce ni. Harsashin da nake ɗurawa da hannuna, mai nauyin giren 300 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ba ya zama sai na danna sakata da ƙarfi, kuma idan na zaro shi sai in tarar zanen cikin bututun ya karce masa kai. Da wannan zan tari ɓauna a dajin Binuwai?

Ɗan gidan maƙera, Marwa: Malam, ka janye kalmar maƙeri. Wanda ya yi maka aikin yana Turai da injinansa, amma da abu ya ɓaci sai a shafa wa gidanmu. Kakanninmu sun daɗe suna ƙera adaka, ba a taɓa kawo ƙararsu ba.

Ɗan kasuwa, Injamena: Ai wanda adaka ta fashe masa a hannu ba ya komawa maƙera, balle ya kai ƙara.

Ɗan gidan maƙera: Alhaji, wanda bai taɓa zama bakin zugazugi ba, bai kamata ya yanke wa ƙira hukunci ba.

Dattijo, Ngaundere: 'Ya'yana, ku saurara, matsalar daga maƙogwaron bindigar take. Maƙogwaron bindiga shi ne ɗan filin da ke tsakanin mazaunin kwanso da farkon zanen da ke murza harsashi. Idan ba ka aika wa mai aikin samfurin harsashinka marar albarushi ba, zai yanka maƙogwaron ne bisa ma'aunin CIP, hukumar da ke tsara ma'aunin bindigogi da harsasai a ƙasashe da dama na Turai, ba bisa tsawon naka ba. Harsashin da ya tokare zanen yana ƙara matsin wuta a cikin bututu, saboda haka kada ka harba shi. Ɗana, ka aika samfurin kuwa?

Ɗan kasuwa: Baba, ƙirar da kamfanin Holland & Holland ya fitar a Landan tun 1912, ina ruwanta da maƙeran Marwa?

Ɗan gidan maƙera: Ruwanta shi ne an ambaci sunanmu.

Mai kula da zaure, Marwa: A taƙaice, an fahimci cewa maƙeranmu ba su da laifi, kuma ya dace Alhajin Injamena ya ba su haƙuri. Maganar samfurin da Baba ya tayar, mai bindiga ya same shi a gefe.