Hawainiyata ta daina cin fara, sai tonon ƙasa take yi

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Ina kiwon hawainiya mace a keji, kwana huɗu kenan ta ƙi cin fara da gyare, cikinta ya yi tim kuma kullum sai ta sauko daga reshe tana ta ƙwaƙular ƙasa, alhali ko namiji bata taɓa gani ba. Ciwo ne?

'Yar Tudun Wada:
Kai malam, ka rasa abin kiwo sai hawainiya? Hawainiyarka dai ta kiyayi ramata wallahi.

Baban Kofar Doka:
Ƙwai take son yi ɗan uwa. Macen hawainiya tana yin ƙwai ko ba namiji, kamar kaza, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. Samo bokiti ka cika da yashi haɗe da ƙasa, zurfin kamar santimita 25, ka jiƙa shi daidai yadda in ta haƙa rami ba zai rufta ba amma kar ya zama taɓo. Sai ka sa mata shi a cikin kejin, ka rufe gefen kejin da zani ka daina leƙe, don in ta ga ana kallonta barin ramin take yi, ƙwan ya maƙale mata a ciki, wannan kuma yana kashe su.

Ɗan Samaru:
To fa, ni da yarana muke tsayawa kanta kullum.

Baban Kofar Doka:
Ku bari. In ta gama ta binne, fesa ruwa a ganye don a nan take sha, ka barbaɗa garin kalsiyam (sinadarin ƙarfafa ƙashi) a jikin farar da za ta ci, ta sha hantsi. In ka ga tana rufe ido da rana ko ta kwanta ƙasa, garzaya asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya.