Musayar waƙa: kyau ne ke kai ta, ko aiki?

Uwar Baiti:
Salam 'yan uwa, yau zancen macen da ta fara da tallan kayan sawa a dandamali da mujallu ne, ta zo ta kama makirufo, ta kuma shiga fim. kullum sai ka ji ana cewa ai fuska ce kawai, ni kam abin na min ciwo wlh. kowa ya amsa da baiti.

Sun ce fuska ce ta kai ta gaba,
Na ce sam, ba ku bincika ba,
Whitney Houston, ai ba ku manta ba,
1981 ta hau bangon mujalla, ba ta kai ashirin ba,
Amma albam ɗin 1985 ba hoto ya sayar da shi ba,
Tun tana yarinya take rerawa a coci, uwarta ba ta bar ta ta yi sake ba.

Ɗan Alƙalami:
Anti na ji, amma a bar ni in tanka.

Ƙofar farko ido ke buɗe ta,
Wata na can da murya a ɗakin uwarta,
Babu ejan da ya zo ya neme ta,
Wadda kyamara ta so fuskarta,
Ita furodusa ke kira ya gwada ta,
Ko muryar ba ta kai ba, a sutudiyo a gyara ta.

Gimbiyar Dandamali:
Yaya kai kana hango ƙofa ne, ni na shiga ɗakin na zauna, tallan ma da kuke rainawa ba tsayuwa ba ce kawai a yi murmushi a tafi gida fa, ku saurara

Tun asuba muke layin gwaji,
A duba tsayi, a auna ƙugu da ƙirji,
"Za mu kira ki," shi kaɗai za ki ji,
In aiki ya zo ejan ya yanki nasa, a cire haraji,
Kuɗin jirgi da masauki bashi ne, ba agaji,
Ki kwana da yunwa don riga ta shiga, jiri kike ji.

shi ya sa tun 2017 Faransa ta ce ba mai hawa dandamali sai da takardar likita, kuma hoton talla in an rage jikin mace da kwamfuta dole a rubuta a jikin hoton cewa an taɓa shi. da ba a sha wuya ba ai ba za a kai ga doka ba.

Malam Mai Ƙafiya:
Sannu 'yata, Allah ya saka miki. Ni inda hankalina yake shi ne takardar kwantiragi.

Marilyn Monroe a masana'anta aka gan ta,
Mai hoto ya ɗauka, talla ta karɓe ta,
Kamfanin Fox ya sa hannu ya riƙe ta,
Rawa ɗaya kullum a fim, kyakkyawa mai wauta,
Ta gaji, 1955 ta buɗe kamfanin fim nata,
Ta koma aji a New York don gyara wasanta,
Sai ga Fox da sabuwar takarda a gabanta,
Har darakta sai wanda ya kwanta mata.

Ga kyau ga suna, amma ta cewa ba ta samu ba sai da ta ja daga.

Uwar Baiti:
Malam ka gama min komai. ga ƙari, don mutane na ɗauka sana'a ɗaya ce alhali uku ce kowacce da horonta daban

'Yar talla ba baki, tafiya ke magana,
Kafaɗa da ido su isar da ma'ana,
Mawaƙiya numfashi take tattali dare da rana,
Kwana a mota, gari zuwa gari, murya na ƙuna,
Jaruma ta haddace layi, ta yi kuka a gaban jama'a da rana,
Darakta ya ce a sake, ta nemo hawayen daga ina?

Ɗan Alƙalami:
Na yarda da wahalar, ban musa ba. amma Anti shekaru fa? nan ne nake jin tausayinsu da gaske

Namiji ya yi furfura a ce ya ƙara kima,
Mace ta kai arba'in waya ta daina kira ma,
A kawo sabuwa, a manta da ta jiya gaba ɗaya ma,
Wa ya tsallake wannan, ku faɗa min in ji nima.

Gimbiyar Dandamali:
Kaɗan ne yaya, ba zan ɓoye maka ba, da yawa sun koma gida ba ko sisi. amma ga ɗaya

Grace Jones, Jamaika aka haife ta,
Faris ta yi talla, manyan masu ɗinki na rububinta,
1977 albam na farko ya fita da sunanta,
1985 fim ɗin James Bond ya ɗauke ta,
2012 a bikin Sarauniyar Ingila aka gayyace ta,
Shekara 64, ƙaton zoben wasa na juyi a ƙugunta,
Har ta kai ƙarshen waƙar bai faɗo ƙafarta.