Kafilari da fatent, wace Hausa za mu ba su?

Jama'a a taimaka, kalmomin Turanci biyu ne suka tsaya min a wuya, kafilari da fatent.

Duk wadda ta je awon ciki ko wanda ya je ba da jini zai iya sanin ɗan robar nan na HemoCue, kamfanin ƙasar Suwidin, a soka maka allura a yatsa a kanga bakinsa a ɗigon jinin sai ka ga jinin ya shige da kansa ba sirinji ba famfo, a tura shi cikin na'ura ta haska shi ta faɗi yawan jininka. To wannan shigewar da kai ita ake nufi, kamar dai yadda lagwani ke jan kananzir.

Wani malamin bayoloji ya ce a kira shi ƙananan jijiyoyi. A'a ranka ya daɗe, wancan na jikin mutum ne, nan roba ce ko gilashi. Wata 'yar'uwa ta kawo siririn bututu, ta ɗan matso, amma ai tiyon ƙarin ruwa ma siriri ne kuma ba ya jan komai da kansa. Ni dai zuƙau nake so, a kan awon mantau, a ce bututu zuƙau.

Kar ku ɗauka wasa ne fa, a kotunan Amurka kalma ɗaya kuɗi ce. A 2018 a jihar Delaware aka ci kamfanin 10x Genomics kusan dala miliyan 24 ya biya kamfanin Bio-Rad saboda keta fatent, wato takardar kare ƙirƙira, kan wasu 'yan farantai masu siraran hanyoyi da ke yanka samfuri ɗigo-ɗigo cikin mai. Ɗaya daga takardun fatent ɗin ta ce hanyar ba sinadarin fulorin a jikinta, sai 10x ya barbaɗa wata roba mai fulorin kashi 0.02 cikin 100 wai nasa ya zama daban kenan, kotun ɗaukaka ƙara a 2020 ta ce wannan wayon bai ci ba. Su waɗancan da matsi ake tura ruwan, don haka zuƙau bai hau kansu ba, sai dai siraran magudanai.

Fatent kuma don Allah mu daina ce masa haƙƙin mallaka, wannan na marubuta ne da 'yan fim. Fatent takarda ce hukuma ke ba ka ta kare abin da ka ƙirƙira na shekara 20, kai kuma ka tona yadda abin ke aiki. Najeriya dokar 1970 ce, 'yan Nijar ofishin OAPI na Yawunde, na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, ke ba su, kuma can in ka ce birebe, sunansa da Faransanci, jarrabawar makaranta za a zata. Takardar ƙirƙira ta ishe mu.

Saura jerin abubuwan da mai takardar ke cewa nasa ne, wanda a kansa ake rigimar. Da'awa zan sa irin ta kotun alƙali, sai in lauyoyinmu sun hana.